Jarumin Silima a Kan Takarda: Waiwaye Kan Labarin Indiana Jones Cikin Zane

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa aiki a cibiyar yaƙi da jahilci ya san wahalar aikin ba ta ƙarewa ranar da aka raba takardun shaida. Manomin da ya kwashe rani biyu ko uku yana zuwa aji har ya iya haɗa baƙi da wasali, in ya koma gida bai tarar da abin karantawa ba sai takardar haraji da ta awon taki, kafin damina biyu karatun ya zube. Saboda haka ne masu tsara wannan aiki, tun farkon shekarun 1960 da aka soma shi a Nijar, suke neman littattafan da sabon mai karatu zai ɗauka don daɗinsu, ba don an sa shi ba. Cikin abubuwan da akan ambata akwai labari cikin zane, irin ƙananan littattafan Faransanci da yaran birane suka riƙa saye suna musaya a da, su Akim da Zembla. Buƙatar ta ƙara girma tun da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a shekarar 2025.

Kafin a kwaikwayi sana'a, ya kyautu a duba aikin waɗanda suka daɗe cikinta. Misalin da aka ɗauka a nan shi ne mujallar zane ta Amurka mai suna The Further Adventures of Indiana Jones, watau ci gaban tafiye-tafiyen Indiana Jones, wadda kamfanin Marvel ya buga daga Janairun 1983 zuwa Maris na 1986, fitowa 34. Dalilin zaɓenta biyu ne. Na farko, jarumin daga silima ya fito, don haka tana nuna abin da kan faru in an kwashe labari daga majigi zuwa takarda. Na biyu, labarinta na farko a Afirka ta Yamma aka ajiye shi, kuma jigonta duka shi ne farautar kayan tarihin wasu al'ummomi.

2. Asalin jarumin da tarihin mujallar

An fara ganin Indiana Jones a fim ɗin Raiders of the Lost Ark na shekarar 1981, wanda George Lucas ya ƙago, Steven Spielberg ya shirya, Harrison Ford ya fito a matsayin jarumin. Malamin jami'a ne, masanin tonon kayan tarihi, wanda in ya tuɓe rigar aji sai ya ɗauki hula da bulala ya shiga duniya. An ajiye labarin a shekarar 1936, inda yake tsere da ƴan Nazi na Jamus wajen neman Akwatin Alkawari na Bani Isra'ila a Masar. Masu fim ɗin ba su ɓoye inda suka samo shi ba: sun tashi ne da gajerun finafinan shekarun 1930 da 1940, waɗanda ake nunawa kashi-kashi kowane mako, kowane kashi ya tsaya jarumi yana bakin halaka domin ƴan kallo su dawo.

Marvel ya fara mai da fim ɗin kansa zane a 1981, da rubutun Walt Simonson da zanen John Buscema. Da aka ga kasuwa, sai aka buɗe mujalla mai sababbin labarai. John Byrne, wanda sunansa ya riga ya fito a wannan sana'a, shi ya tsara fitowa biyu na farko ya kuma zana su tare da Terry Austin, sa'an nan ya bar aikin. David Michelinie ne ya rubuta mafi yawan na tsakiya, Linda Grant ta riƙe na ƙarshe. Masu zane kuwa sun yi ta sauyawa, cikinsu har da Kerry Gammill da Herb Trimpe da Steve Ditko, wanda tare da Stan Lee suka ƙago Spider-Man. Bayan mujallar ta mutu, kamfanin Dark Horse ya karɓi jarumin a 1991, ya kuma tattara tsofaffin fitowar ya sake buga su cikin manyan littattafai uku a 2009 da 2010.

3. Labarin farko

Sunan labarin farko The Ikons of Ikammanen. Wani tsohon ɗalibin Jones mai suna Charlie Dunne ya zo masa da albishir cewa shi da ƴar'uwarsa Edith sun gano wurin da wasu gumakan zinariya suke, amma kafin ya gama bayani aka kashe shi da wuƙa. Jones ya tafi wani ƙagaggen gari mai suna Krikambo a Laberiya, ya sami Edith, suka faɗa hannun wani babban ɗan ta'adda, Solomon Black, wanda ya tilasta musu su kai shi tsibirin da gumakan suke. A can aka gane asirin: gumakan mutane ne da mazauna tsibirin suka tsoma cikin narkakkiyar zinariya, kuma akwai kalmomin da in an furta su sai su motsa su yi ramuwa. A ƙarshe ta bayyana Edith ce ta sa aka kashe ɗan'uwanta don kwaɗayi, gunkin da ta ɗauko kuwa shi ya yi ajalinta.

Ta fuskar ƙira, labarin ya ginu. An dasa mai laifi tun farko a gaban idon mai karatu cikin siffar mace mai rauni, aka kawar da hankalinsa zuwa ga ƙaton da kowa zai zarga. Fitowar farko ta tsaya daidai inda ake saukar da jarumin da abokiyar tafiyarsa zuwa ga zinariya mai tafasa, kamar yadda tsofaffin finafinan nan suke yi. Babu shafin da ba a ci gaba da labari a cikinsa ba. Wannan ƙwarewa ce da ba za a raina ba, domin ita ce ainihin abin da littattafan bayan yaƙi da jahilci suka fi rasawa: dalilin da zai sa a buɗe shafi na gaba.

4. Daga majigi zuwa takarda

Ƙarfin fim ɗin yana ga abubuwa uku: gudu, da kiɗan John Williams, da fuskar Harrison Ford, wadda kan nuna tsoro da gajiya da dabara ba tare da ya ce uffan ba. Takarda ba ta da ko ɗaya cikin ukun. Gudu sai dai a nuna shi da layuka a bayan mai gudu. Kiɗa babu. Fuska kuwa tana sauyawa duk lokacin da mai zane ya sauya, har ya zama abin da ake gane jarumin da shi hula ce da bulala da rigar fata kawai.

Don cike wannan giɓi, marubutan suka koma ga yawan magana. Jones na silima mutum ne mai ƙarancin zance. Jones na mujalla kuwa, ko yana rataye a bakin rami, sai an zana masa kumfar tunani a bisa kai yana bayyana halin da yake ciki da dabarar da zai yi, alhali zanen ya riga ya nuna duka. Wannan ɗabi'ar mujallun Amurka ce ta wancan zamani, amma a nan illarta ta fi fitowa, domin ta kashe abin da ya sa aka so jarumin tun farko, watau aikatawa kafin tunani. Shafukan da suka fi kyau a mujallar su ne waɗanda aka bar zane ya yi aikinsa, rubutu ya tsaya ga abin da ido ba zai gani ba.

Akwai kuma matsalar da ke tattare da aron jarumi. Shi mallakar kamfanin Lucasfilm ne, masu mujalla ba su da ikon su tsufar da shi, ko su aurar da shi, ko su sauya halinsa. Saboda haka kowane labari yakan ƙare inda ya fara. An yi ƙoƙarin rage wannan ta hanyar dawo da mutanen fim ɗin, su Marion Ravenwood da Marcus Brody da Sallah, har a fitowa ta 9 da ta 10 aka koma neman gunkin zinariyar nan da aka ƙwace wa Jones a farkon fim. Duk da haka, wanda ya karanta fitowa goma a jere zai ga ƙashin bayansu ɗaya ne: a ji labarin wani abu mai asiri, a tafi ƙasa mai nisa, a yi tsere da mugu, asirin ya tashi ya cinye mugun, jarumi ya tsira da hularsa. Daɗinsa yana ga wanda ke samun fitowa ɗaya a wata. In an haɗa su cikin littafi guda, sai maimaicin ya fito fili.

5. Abin da ya shafi harshe da karatu

Akan ɗauka cewa zane harshe ne da kowa ke ji. Mujallar nan tana nuna ba haka abin yake ba. Shafinta cike yake da ƙa'idojin da ba a rubuta ba: kumfa mai wutsiya magana ce, mai ɗige-ɗige tunani ne, akwatin da ke kusurwa muryar mai ba da labari ce, hannu shi kaɗai cikin gidan zane ba yankakken hannu ba ne, an matso da shi kusa ne. Yaron birni ya koyi waɗannan tun yana ƙarami bai san ya koya ba. Dattijon da ya fara boko yana da shekara 40 sai an nuna masa. Daɗin daɗawa, da yawa cikin masu zuwa ajin yaƙi da jahilci a ƙasar Hausa sun riga sun saba da allo da ajami, idonsu daga dama yake farawa. In gidajen zane ba su jeru sarai ba, kamar a shafukan da ake karkata su ko a ɗora wani kan wani don ƙawa, mai karatu yana iya ganin sakamako kafin sanadi. Jeri mai gida huɗu zuwa shida daidai wa daida, da lamba a kan kowane gida, ya fi amfani gare shi.

Na biyu, dukan rubutun mujallar da manyan baƙaƙe aka yi shi, bisa al'adar sana'ar a Amurka. Littattafan koyon karatu kuwa da ƙananan baƙaƙe suke farawa. Ga Hausa akwai ƙarin dalili: lanƙwasar Ɓ da Ɗ da Ƙ da Ƴ tana saurin ɓacewa in an rubuta su manya da hannu cikin ƙaramar kumfa, sai ƙafa ta koma kafa, ɓata ta koma bata. Ƙa'idar da aka shimfiɗa tun taron Bamako na 1966 ba ta da amfani in mai zane bai kiyaye ta ba.

Na uku kuwa riba ce. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa sabon mai karatu kan tsaya a kan kalma kamar gari, ko na zama ne ko na tuwo, ko kuka, ko itaciya ce ko hawaye. Zane yana warware wannan nan take. Kazalika kalmomin ƙara da mujallar ke rubutawa da manyan haruffa a tsakiyar zane, na bulala da na bindiga da na faɗuwa, Hausa ta fi Ingilishi arzikinsu. Tana da tim da rim da fyau da tsulum da kwatsam da ƙaras, waɗanda mai tatsuniya ke amfani da su kullum. Fassara su daga Ingilishi ɓata aiki ne, tun da na gida suna nan.

6. Afirka cikin mujallar, da tambayar mai kaya

Laberiyar labarin farko ba ta da alaƙa da Laberiya. A shekarun 1930 ƙasa ce mai gwamnatinta da jaridunta, tana fama da kamfanin roba na Firestone da bashin waje. A mujalla kuwa tashar jirgi ce mai ƴan daba da tsibiri mai masu tsafi. Mutanen tsibirin ba su da suna, ba su da zancen da mai karatu zai fahimta, aikinsu su taso da masu. Baƙin mutum guda da aka ba baki da wayo shi ne mugun. A fitowa ta 7 da ta 8, da labari ya koma Kwango, abin al'ajabin da aka je nema ragowar mutanen Atlantis ne. Wannan tsohon ra'ayi ne na Turawan mulkin mallaka, cewa duk wani abin gwaninta da aka tarar a Afirka baƙi ne suka kawo shi. Da shi Leo Frobenius ya fassara kawunan Ife a 1910, da irinsa aka daɗe ana musun cewa ƴan ƙasa ne suka gina Babbar Zimbabwe. Masana sun yi watsi da shi tun da daɗewa, amma ga shi a 1983 ana sayar wa yara.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne tambayar da mujallar ba ta taɓa tsayawa a kanta ba: kayan na wane ne? Bambancin Jones da abokan gabarsa shi ne su don kuɗi ko mulki suke nema, shi kuwa don gidan tarihi. Amma gidan tarihin a Amurka yake, kuma masu kayan ba a tambaye su ba. Zamanin da aka ajiye labarin ya san irin wannan a zahiri. Tawagar Dakar zuwa Jibuti, wadda Marcel Griaule ya jagoranta daga 1931 zuwa 1933, ta kwashi kaya sama da 3,000 zuwa Paris, kuma magatakardanta Michel Leiris ya bayyana a littafinsa na 1934 yadda aka ɗauke wasu kayan ibada da barazana da sata.

Ga mai karatu a Nijar zancen ba na nesa ba ne. A 1983, shekarar da mujallar ta fara fita, Boubé Gado na cibiyar IRSH ta Yamai ya jagoranci tono a Bura, yammacin ƙasar, inda aka sami ɗaruruwan tukwanen jana'iza da mutum-mutumin mahayin doki na yumɓu. Wannan shi ne aikin masanin tono na gaskiya: awo, da zane, da rubuta zurfin da aka sami kowane abu, da haƙuri. Bayan an nuna kayan a Paris a 1993 suka yi suna, sai ƴan kasuwa suka sa aka yi ta haƙe makabartun yankin, har majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari a shekarar 2000, tare da na Nok da Sakkwato da Katsina. Tukunyar da aka fizge daga ƙasa ba tare da rubuta inda take ba ta rasa rabin labarinta. Abin da Jones yake yi a kowace fitowa ke nan, ya fizge ya gudu, ginin ya rushe a bayansa. Yau da Faransa ta mai da wa Benin kaya 26 a 2021, Jamus kuma ta fara mai da tagullan Bini ga Nijeriya a 2022, ba a iya karanta mujallar da idon 1983.

7. Jarumin aro da na gida

Tasirin jarumin aro ba sabon abu ba ne ga masu fasahar ƙasar nan. Moustapha Alassane ya yi fim a kansa tun 1966, Le Retour d'un aventurier, inda wani saurayi ya dawo daga tafiya da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka ɗauki sunaye da halayen da suka gani a silima suka hargitsa ƙauyensu. Darasin fim ɗin shi ne tufafin jarumi ba su zuwa su kaɗai, da ɗabi'arsa suke tafe.

Adabin Hausa kuwa yana da nasa matafiyin. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, kusan shekarun da aka ajiye labarin Jones, shi ma neman abu mai asiri ne a ƙasa mai nisa, da abokin hamayya, da dabara, da ban dariya, da aukuwa bayan aukuwa. Bambancin yana ga manufar tafiyar. Alhaji Imam ya fita ne don ya samo maganin da zai warkar da ɗan sarkin garinsu ya kuma wanke mutuncin gidansu, abin da ya samo gida ya kawo shi, ya yi amfani. Ƙirar da ke jan mai karatu iri ɗaya ce, ma'anar dabam. Wannan ya nuna ana iya raba dabarar da kayan da aka ɗora mata.

8. Kammalawa

In an auna The Further Adventures of Indiana Jones da ma'aunin sana'arta, aiki ne matsakaici mai ƴan wurare masu kyau, musamman fitowa biyu na farko da wasu na Michelinie. Ba ta kai fim ɗin da ta fito daga gare shi ba, kuma hoton Afirka da ke cikinta ya tsufa tun kafin a buga shi. Fassara ta zuwa Hausa ba zai amfani aikin yaƙi da jahilci ba.

Abin ɗauka shi ne dabarunta: jarumi guda da ake ganewa da alama biyu ko uku ko da mai zane ya sauya, labari mai fita a kan kari, shafi mai ƙarewa da tambaya, da kashi mai tsayawa inda rai ke son ci gaba. Abin gyarawa kuma a bayyane yake: a rage rubutu, a yi shi da ƙananan baƙaƙe masu cikakkiyar lanƙwasa, a jera gidajen zane sarai, a gwada kowane shafi a gaban ƴan aji kafin a kai shi maɗaba'a. Abin ba da labari kuwa ba a rasa shi ba. Ayarin gishirin Bilma, da fataucin goro zuwa Gwanja, da tsayuwar Sarauniya Mangu a Lugu a 1899, da mai gadin tsohuwar makabarta da ke fama da masu haƙar dare, kowannensu yana da tafiya da haɗari da abokin gaba. Cikinsu duka, mutumin da mujallar Amurka ta tsayar a bayan zane riƙe da mashi shi ne zai fito gaba, da sunansa da maganarsa.